Kwalbar da Ba a Tuhuma: Yadda Aka Koyi Dafa Maganin Wanke Rauni

Duk wanda ya taɓa raka majinyaci ɗakin wankin ciwo ya san teburin nan. Ga almakashi da hantsaki, ga naɗin bandeji, ga kwano mai murfi cike da auduga, sannan a gefe ga jerin kwalabe: wata ruwan ƙasa, wata rawaya-rawaya, wata kuma fara tas mai warin sifirit. Ɗan jinya mai lura yakan sa ido a kan hannun ma'aikaci, ya ga ko ya wanke, ko ya sa safar hannu. Yakan duba allura, ya tabbata sabuwa ce aka ɓare daga ledarta. Amma ban taɓa jin wanda ya nuna kwalbar maganin ya tambayi tsabtarta ba. To, me zai tambaya? Abin da aka yi shi don kashe ƙwayoyin cuta, ta yaya ƙwayar cuta za ta yi gida a cikinsa?

Likitoci ma haka suka ɗauka, kuma sun daɗe a kan wannan zato. Daga 1865, shekarar da aka fara sa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan rauni bisa ilimi, zuwa lokacin da asibitoci suka yarda cewa shi kansa maganin yana bukatar tsarkakewa, an yi kusan shekara ɗari. A tsakanin nan an gano ƙarfin tururi, an ƙera tukunyar da ke tsare shi, an saka wuƙa da zare da riga da bandeji a cikinta, kwalbar magani kuwa tana gefe ba wanda ya waiwaye ta. Yadda ita ma ta shiga tukunya shi ne labarinmu, kuma ƙarshensa ya shafi kwalbar da ke cikin durowar gidanku.

Zafi da rauni sun daɗe da sanin juna, sai dai a zamanin da jikin majinyaci ne ke karɓar zafin. A ƙarni na 16 likitocin yaƙi na Turai sun yi imani cewa albarushi dafi ne, don haka duk sojan da bindiga ta sama sai a tsiyaya masa tafasasshen mai a cikin raunin. A 1537 wani matashin wanzami Bafaranshe, Ambroise Paré, yana bin rundunar ƙasarsa a arewacin Italiya sai man ya ƙare masa. Da ya rasa abin yi, sai ya haɗa kwanduwar ƙwai da man wardi da man itacen da ake kira tafentin, ya shafa wa sauran sojojin. Shi da kansa ya ba da labari cewa a daren nan barci ya ƙaurace masa, don fargabar zai wayi gari ya tarar sun mutu. Da asuba ya iske su sun yi barcinsu, raunukansu babu kumburi, waɗanda aka ƙona da mai kuwa suna fama da zazzaɓi da raɗaɗi. Daga ranar bai ƙara tsiyaya wa kowa mai ba. Paré bai san ƙwayoyin cuta ba. Ya dai gane cewa wuta ba ta da wuri a cikin rauni. Inda ya kamata a kai ta kuwa, sai bayan shekara ɗari uku da ɗoriya aka sani.

A ranar 12 ga Agusta, 1865, aka kawo wani yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, babban asibitin Gilasgo a ƙasar Sukotlan. Amalanke ya taka masa ƙafa, ƙashin ƙwauri ya karye, fata ta tsage. A wancan zamani irin wannan karaya sau da yawa tana ƙarewa ne da yanke ƙafa ko mutuwa, domin raunin yakan yi mugunya ya ruɓe. Likitan tiyata Joseph Lister ya riga ya karanta binciken Louis Pasteur na Faransa, wanda ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke sa abu ya ruɓe. Ya kuma ji labarin wani sinadari, kabolik, da ake zubawa a kan ƙazantar garin Carlisle don kashe wari. Sai ya jiƙa tsumma da kabolik ya rufe raunin yaron. Bayan kimanin mako shida yaro ya fita asibiti da ƙafarsa. A 1867 Lister ya wallafa sakamakonsa a mujallar Lancet, daga baya kuma ya fito da lissafi mai ratsa jiki: kafin kabolik, cikin mutum 35 da ya yanke wa gaɓa 16 sun mutu, bayan kabolik, cikin 40, shida ne suka mutu.

Daga nan kabolik ya zama sarki. Ana wanke hannu da shi, ana jiƙa kayan aiki da zaren ɗinki a cikinsa, har Lister ya ƙirƙiro na'urar fesa shi a iskar ɗakin tiyata, wadda shi da kansa ya yi watsi da ita a 1890. Ana narka shi a ruwa, ana kuma narka shi a mai. Tambayar ko ruwan da man suna da tsabta ba ta taso ba, tunda a ganinsu duk abin da kabolik ya taɓa ya tsarkaka.

Masu binciken ɗakin gwaji ne suka fara cin karo da abin da ya girgiza wannan yaƙini, kuma a kan tafasa ruwa rigimar ta fara. A tsakiyar shekarun 1870 wani likitan Landan, Henry Charlton Bastian, ya dage cewa rai yana iya tsirowa daga abin da ba shi da rai. Hujjarsa ita ce yakan tafasa ruwan gwaji, ya rufe, amma bayan kwanaki sai ya ga ƙwayoyi sun cika shi. Bastian ya yi kuskure a fassara, amma abin da idonsa ya gani gaskiya ne, kuma taurin kansa ya yi wa duniya rana, domin ya tilasta wa abokan gardamarsa komawa su sake dubawa. A 1876 Ferdinand Cohn, masanin tsirrai Bajamushe, ya bayyana cewa wasu bakteriya idan rayuwa ta yi tsanani sukan dunƙule su lulluɓe kansu da wani sulke, su kwanta kamar matattu. Wanda ya san gaiwa zai gane wannan nan take: idan tafki ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta lulluɓe jikinta, ta kwana rani guda a busasshiyar ƙasa, ruwan damina na sauka ta farka. Haka ƙwaya mai sulke take. John Tyndall a Ingila ya tafasa ruwan jiƙon busasshiyar ciyawa na sa'o'i, amma ƙwayoyin suka farka. Daga baya ya gano dabara: a tafasa, a bari ya huce har masu sulke su farka su tuɓe sulkensu, a sake tafasawa, a maimaita haka sau da dama. Dabarar tana aiki, sai dai tana cin kwanaki. Cikin masu irin wannan sulke akwai ƙwayar tetanus mai sa muƙamuƙi ya ƙage, da ƙwayar cutar saifa ta dabbobi, wato antaraks, da wadda ke ruɓar da naman rauni ya riƙa fitar da iska.

Matsalar ita ce ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, komai yawan itacen da aka tura. Ƙarin wuta ƙarin tururi kawai yake kawowa. A kan tudu irin na Jos ma ba ya kai ɗarin. Hanyar wuce wannan iyaka ita ce a kulle tururin ya rasa mafita, matsinsa ya ƙaru, zafin ya hau tare da shi. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irin wannan tukunya tun 1679 a Landan, don dafa ƙashi har ya yi laushi. Shekara ɗari biyu bayan haka, a 1879, Charles Chamberland, mataimakin Pasteur, ya mayar da ita kayan aikin ɗakin gwaji. Ita ce tukunyar da ma'aikatan asibiti ke kira otokilef. Idan matsin cikinta ya kai kusan ninki biyu na matsin iskar da muke shaƙa, tururin yakan kai digiri 121, kuma minti 15 a wannan zafi ya isa ya hallaka masu sulken da suka gagari tafasar sa'o'i.

Me ya sa tururi ya fi busasshen zafi? Duk matar da ta taɓa buɗe madambaci ta san amsar a fatar hannunta. Za ta iya zura hannu cikin tanda mai zafi na ɗan lokaci ta fito lafiya, amma tururin dambu yana taɓa ta ya ƙona. Idan tururi ya sauka a kan abu mai sanyi yakan koma ruwa, kuma a wannan komawa yake sauke zafi mai yawa nan take. Danshin kuma yana sa sinadaran jikin ƙwayar su daskare, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a ruwan zafi, ba kuwa sa komawa yadda suke. Shi ya sa abin da tururi ke gamawa cikin minti 15 a digiri 121, busasshen zafi yake bukatar sa'a biyu a digiri 160.

Pasteur ya hango inda wannan ilimi ya dosa. A 1878, a gaban majalisar likitocin Faransa, ya ce da shi likitan tiyata ne, da ba zai yi aiki da bandeji ko soso ba sai wanda aka gasa, ba kuma zai yi amfani da ruwa ba sai wanda aka kai zafinsa digiri 110 zuwa 120. A lura, har da ruwan ya ambata. Shekara uku bayan haka, a 1881, Robert Koch a Balin ya yi gwajin da ya kamata ya tayar da hankalin kowa. Ya busar da ƙwayoyin antaraks masu sulke a kan zaren siliki, ya riƙa tsoma su a magunguna daban-daban. Kabolik da aka narka a ruwa sai da ya ɗauki kwanaki kafin ya kashe su. Kabolik da aka narka a mai kuwa, wanda likitoci ke alfahari da shi, bai yi musu komai ba. A shekarar nan dai Koch da abokan aikinsa suka tabbatar da fifikon tururi a kan busasshiyar iska mai zafi.

Likitocin Jamus suka ɗauki darasin tururi da hannu biyu. Ernst von Bergmann ya shigar da shi ɗakin tiyatarsa a Balin a 1886, mataimakinsa Curt Schimmelbusch kuma ya ƙirƙiro gwangwanin ƙarfe mai ƙofofi da ake cusa bandeji a ciki a saka a tukunya, irin wanda har yau ake gani a asibitoci da yawa. Kafin ƙarni ya juya, tufafi da kayan aiki da ruwan gishirin wanke ciki duk sun bi ta wuta. Darasi na biyu na Koch, cewa ƙwaya tana iya kwana cikin magani ta tashi lafiya, shi ne aka bari a baya.

A ganina akwai dalilin da ya sa wannan sakaci bai fito fili da wuri ba. Magungunan farko masu kaifi ne ƙwarai. Kabolik mai ƙarfi, da gishirin zaiba, da aidin da aka narka a sifirit, duk suna cin fatar likita balle ta majinyaci, kuma ƙwayoyin da ba su da sulke ba sa daɗewa a cikinsu. Sai ƙarni na 20 ya kawo magunguna masu sauƙin hali. A 1935 Gerhard Domagk ya bayyana amfanin benzalkoniyam. A 1954 kulohesidin ya shiga kasuwa a Ingila, shekara guda bayan haka aka samar da fobidon-aidin, wato aidin nan ruwan ƙasa da ba ya raɗaɗi kamar na da. Waɗannan ci gaba ne na gaske. Ba sa ƙuna, ana iya sa su a kan jariri da cikin mafitsara. Amma yawancinsu ana kawo su da kauri ne, sai a sirka su da ruwa mai yawa a ɗakin haɗa magani na asibiti, a ɗura a manyan kwalabe, a raba wa ɗakunan kwanciya. Kwalba ta yi rabi, a kawo ta a cika. Ta ƙare, a ɗauraye ta a sake ɗurawa. Ruwan da ke cikinta wani lokaci kashi 99 cikin ɗari ne ko fiye.

Akwai kuwa wasu ƙwayoyi da ruwa ne gidansu, dangin da ake kira Pseudomonas. Ba su da sulke, tafasa ɗaya tana gamawa da su, amma suna da fata mai hana magani shiga, kuma abinci kaɗan ya ishe su, har a tataccen ruwa suna hayayyafa. Ɗaya daga cikinsu tana da tarihi mai ban mamaki. Wani masanin cututtukan tsirrai a Amurka, Walter Burkholder, shi ya fara bayyana ta a 1950 a matsayin mai ruɓar da albasa, ya raɗa mata suna cepacia daga kalmar Latin ta albasa. A yau ana kiranta Burkholderia cepacia, don tunawa da shi. Ba wanda ya zaci cutar gonar albasa za ta zama annobar kwalaben asibiti.

A 1958 likitoci biyu a Amurka, Plotkin da Austrian, suka ba da rahoton majinyata 40 da Pseudomonas ta shiga jininsu. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga ruwan benzalkoniyam ne da ake jiƙa kaya a ciki don a tsabtace su. Auduga tana tsotse wannan sinadari daga ruwa, sai a bar ruwan da sunan magani alhali ƙarfinsa ya tafi. A 1966 masu bincike a Ingila suka nuna cewa toshiyar kwalba ta ɓawon itace tana karya ƙarfin kulohesidin. A 1967 Burdon da Whitby suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya cewa sun sami Pseudomonas a raye cikin kwalaben maganin kashe ƙwayoyin cuta na asibiti. A 1970 wani rahoto a Lancet ya danganta raunukan tiyata da suka kamu da cuta da maganin da aka wanke su da shi, kuma asalin ƙwayar ruwan da aka yi sirkin da shi ne. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Abin da ya fi ciwo a irin waɗannan labarai shi ne ma'aikaciyar jinyar da ta fi kowa ƙwazo, wadda ba ta tsallake wanke rauni ko sau ɗaya, ita ce ta fi kai ƙwayar inda za ta yi ɓarna.

Maganin matsalar ya riga ya kwana shekara tamanin a ɗakin da ke kusa. Asibitoci da kamfanoni suka fara yin abin da ya kamata tun farko: a sirka maganin, a ɗura a ƙaramar kwalba ko 'yar leda, a rufe ruf, sannan a saka ta cikin otokilef da murfinta. Tsarin jerin nan shi ne ginshiƙin aikin. Idan aka dafa ruwa daban aka dafa kwalba daban sannan aka haɗa, akwai hannu da iska da mazurari a tsakani. Idan kuwa aka rufe kafin a dafa, babu abin da zai sake shiga sai ranar da aka ɓalle murfin. A cikin rufaffiyar kwalba tururin tukunya bai taɓa maganin ba. Aikinsa kawai ya kai zafi jikin kwalbar, ruwan da ke ciki shi ke kisan. Saboda haka ba a fara ƙidaya minti 15 ɗin sai cikin kwalbar ya kai digiri 121, kuma babbar kwalba ta fi ƙarama jinkirin kaiwa. Saboda haka ne kuma maganin da aka narka a mai ba ya tsarkaka a otokilef, tunda babu ruwa a cikinsa, sai dai a bi da shi ta busasshen zafi. Kulohesidin da aka sirka sosai yana jure wannan dahuwa, shi ya sa ake samunsa a ƙananan ledoji na amfani sau ɗaya. Amma ko shi yana da iyaka: idan zafi ya yi yawa ko lokaci ya yi tsawo yakan fara wargajewa ya fitar da wani sinadari da ba a so a jiki, don haka masu haɗa shi suke auna zafi da lokaci da tsamin ruwan da tsananin kula.

Ita ma tukunyar tana iya yin ƙarya, kuma Ingila ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. Abin ya faru ne da ruwan ƙarin ruwa, amma ƙa'idar ɗaya ce ga duk ruwan da aka dafa a kwalba. A Afrilun 1971 wani kamfani ya saka kwalaben ruwan sukari na ƙarin ruwa a otokilef. Iskar da ke cikin tukunyar ba ta fita duka ba, iska kuwa ta fi tururi nauyi, sai ta kwanta a ƙasa ta zama bargo tsakanin tururi da kwalaben da ke can. Ma'aunin matsi ya nuna komai daidai. Ma'aunin zafi ya nuna akwai matsala, amma da yake an saba da lalacewarsa sai aka ƙi kula shi. Kwalaben sama suka dahu, na ƙasa suka sha ɗumi kawai. Suka yi kusan shekara a ajiye, ƙwayoyi suna ninkuwa a cikin ruwan sukari. A farkon 1972 aka ɗaura wa majinyata su a asibitin Devonport da ke Plymouth, mutum biyar suka mutu. Kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Cecil Clothier ya sami cewa ilimin hana wannan bala'i duk yana nan, abin da aka rasa shi ne kula. Daga irin wannan ne aka tsananta dokokin da ake bi yau: a auna zafi a wurin da ya fi sanyi a tukunya, a ajiye rubutaccen tarihin kowace dahuwa, a riƙa saka ƙwayoyi masu sulke da gangan don a ga ko sun mutu.

Sai kuma magungunan da ba sa shiga tukunya ko kaɗan. Zafi yana korar aidin daga fobidon-aidin, yana wargaza ruwan nan mai kumfa a kan rauni da ake kira haidurojin ferokzaid, yana lalata ruwan bilic, sifirit kuwa wuta yake kamawa. Don haka aka ci gaba da sayar da yawancinsu ba tare da an tsarkake su ba, bisa tsohon zaton nan cewa suna tsare kansu. A 1980 asibitoci huɗu a Niyok suka ga gwajin jinin majinyata 52 yana nuna ƙwayar albasar nan, alhali majinyatan ba su da alamar cutar. Ruth Berkelman da abokan aikinta na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka gano cewa ƙwayar tana cikin fobidon-aidin da ake goge fata da bakin kwalbar gwaji da shi, kuma da ita ya fito daga masana'anta. Masana da yawa sun yi mamaki, don aidin yana kashe wannan ƙwaya cikin ɗan lokaci a ɗakin gwaji. Bincike ya nuna sirrin: ƙwayoyin sukan taru a jikin bututun ruwan masana'anta su gina wani yauƙi, irin santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Idan ɓaɓɓaken yauƙin ya faɗa cikin magani, na ciki suna ɓoye, aidin bai kai gare su ba. An same su a raye cikin kwalba fiye da shekara guda bayan an rufe ta.

A Janairun 2011 aka janye tarin 'yan ƙyallayen sifirit na goge wurin allura daga kasuwar Amurka, bayan wani asibitin yara a jihar Kolorado ya gano ƙwayar Bacillus cereus a jinin yara, ya kuma same ta a ƙyallayen. Wannan ƙwaya mai sulke ce, sifirit kuwa ba ya kashe masu sulke, yana adana su ne kawai. Abin da Koch ya nuna da zaren siliki ke nan, shekara 130 cif kafin nan. A Nuwamban 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta nemi kamfanoni su riƙa rubutawa a jikin irin waɗannan magunguna ko an tsarkake su ko ba a tsarkake ba, su kuma riƙa yin su a ƙunshin amfani sau ɗaya. Waɗanda ba sa jure zafi ana tsarkake su ta wasu hanyoyi: a tace su ta matata mai ƙofofin da bakteriya ba ta iya ratsawa, dabarar da ita ma Chamberland ya fara da matatar tangaran a 1884, ko a haska su da wani haske mai ratsa ƙunshi.

Me wannan tarihi yake nufi ga mai jinyar gyambon ciwon sukari a gida, ko mai kula da ɗinkin matar da aka yi wa tiyatar haihuwa? Kurakuran da asibitocin Turai suka yi a shekarun 1960 su ne waɗanda suka fi sauƙin yi a ɗaki, kuma tattali ne ke jawo su. Magani ya yi tsada, sai a sirka shi da yawa a gorar ruwa a ajiye na mako. Kwalba ta kusa ƙarewa, sai a ƙara mata ruwa ko a juye sabuwa a kan tsohuwa. A cika gwangwani da auduga a zuba magani a kai don a huta da jiƙawa kullum. A tsoma audugar da ta taɓa ciwo a bakin kwalba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gawa a tarihinsa. Idan magani na sirkawa ne, a sirka daidai abin da za a yi amfani da shi a lokacin, bisa awon da aka rubuta a jikinsa, da ruwan da aka tafasa ya huce a rufe, a cikin kwano mai tsabta busasshe, a zubar da ragowar. Wannan ya haɗa da maganin nan mai warin asibiti da ke komawa fari kamar madara idan ya shiga ruwa, domin ƙarfinsa a kan Pseudomonas kaɗan ne. Ƙaramar kwalba ta fi babba, kuma yana da kyau a rubuta ranar da aka buɗe ta. Wadda ta canja launi, ko ta yi gurɓi, ko aka bar ta a buɗe, ta gama aiki.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗora maganinsa a kan murhu. Tukunyar gida ba ta wuce digiri 100, zafin zai lalata aidin, tururin bilic yana cutar da huhu, sifirit kusa da wuta kuwa gobara ce. Abin da tafasa take yi wa gida shi ne gyara ruwan, kuma ga ƙaramin rauni ruwa mai tsabta da aka kwarara da yawa shi ne babban aikin. Ruwan da aka tafasa don wanke ciwo a yi amfani da shi a ranar, gobe a tafasa wani.

Inda fata ta buɗe sosai, kamar ƙuna mai faɗi, ko rauni mai zurfi, ko wurin da roba ta shiga jiki, ko majinyacin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, a nemi wanda aka rubuta wa kalmar “sterile” a jikinsa, ko “stérile” a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, a kuma duba cewa ƙunshin bai huje ba. Wannan kalma alkawari ce da ke ƙarewa a lokacin da aka yage ledar, don haka abin da ya rage ba na gobe ba ne. Ɗan jinya yana da damar ya tambayi ma'aikaci cikin ladabi yaushe aka haɗa ruwan da ke kan tebur, da ko ana ƙara sabo a kan tsoho. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan juyo da kwalbar ya nuna masa ranar da aka rubuta a jikinta.